Yatsun Babanku

Wannan babin shi ne wanda na daɗe ina kewayewa. Na rubuta muku yadda muka baro Kazaure, na rubuta haihuwar kowannenku, amma duk sanda na iso shekarar da babanku ya tafi sai in ajiye biro in tashi in nemi wani aikin. Ku ukun kun girma kuna cewa tafiya ya yi ya bar mu. Na sha fara ba ku labarin, sai ku mayar da zancen Larabci, ni kuma Larabcina na cefane ne, ba ya ɗaukar magana mai nauyi. To ga shi da Hausa. Wanda karatun ya yi wa wuya, Zainab ta karanta masa.

Sai kun fara sanin yadda ake zuwa gida a da, in ba haka ba za ku ɗauka babanku mahaukaci ne. Muna zaune a unguwar Mansur a Makka, ɗaki biyu a saman shagon wani mai gyaran firji. Ni da shi ba mu da iƙama, wato takardar izinin zama. Aikin hajji muka zo muka zauna, kamar yawancin mutanen layinmu. Yana gasa tsire a bakin titi tun daga la'asar, Larabawa suna tsayawa da motocinsu suna cewa a ba su sire, ni kuma ina daka masa ƙuli da yaji a gida. Wanda ba shi da takarda ba ya sayen tikiti ya hau jirgi. In gida ta kira shi, hanya ɗaya ce. Ya tafi Jidda ya zauna ƙarƙashin gadar da ake taruwa har motar jawazat, hukumar shige da fice, ta zo ta kwashe su. A kai shi tarhil, inda ake tsare waɗanda za a mayar ƙasarsu, ya yi kwanakin da Allah ya rubuta masa, a sa shi a jirgi a sauke shi a Kano. Ya ga danginsa, ya yi sabon fasfo da wani suna, ya shigo da bizar umara, ya koma kan sana'arsa. Mutanenmu ba su ɗauki wannan kamu ba, tafiya ce kawai. Sai dai ka ji an ce wane ya hau jirgin gwamnati, zai dawo kafin azumi. Babanku ya taɓa yi lokacin rasuwar mahaifinsa, ya tafi da sunan da aka raɗa masa ya dawo da na ƙaninsa. Ni ban taɓa samun natsuwa da canjin sunan nan ba. Har aikawa na yi aka tambayo mini malami ko aurenmu yana nan, tunda sunan da aka ɗaura da shi ba shi ne a fasfo ba. Da babanku ya ji, ya yi dariya har ya ƙware, kuma daga ranar yake kirana Hajiya Waswasi.

Ban musa ba, haka Allah ya yi ni. In na fita sai na dawo na duba gas. In na yi alwala sai in tsaya ina tunanin ko na shafi kunne. Abin da wannan halin ya jawo mini shi ne, ranar da na zo da tsoro na gaskiya, a gidan an riga an saba da tsorona.

A shekarar aka bugo waya daga Kazaure cewa Inna, kakarku, ta faɗi a tsakar gida, ɓarin jikinta ya shanye, kuma in bakinta ya buɗe sunan babanku take kira. Bai yi dogon tunani ba. Ya damƙa wa amininsa Alhaji Mudi wurin gashin, ya ce ranar Asabar zai tafi Jidda. Sai dai a lokacin an fara wata magana a unguwa, wai yanzu a tarhil ana ɗaukar basma, wato a ɗora yatsun mutum a kan gilashi su shiga kwamfuta. Kowa da abin da yake faɗa. Wasu su ce ƙirga mutane kawai ake yi. Wasu su ce duk sabuwar shekara ake gogewa. Alhaji Mudi kuwa cewa yake kwamfuta ai kamar buhu ce, in ta cika sai a zazzage a fara sabon zubi. Ba wanda ya san gaskiya, don waɗanda aka fara yi wa ba su kai ga dawowa ba tukuna, balle mu ji.

Ranar Alhamis ɗin makon nan ne makarantarmu ta haddar mata ta shirya fita. Malamarmu Abla Huda Bahaushiya ce haifaffiyar Makka, 'yar ƙasa, gidansu a Shisha, kakanninta da ƙafa suka zo. Wani kawunta tsohon malamin makaranta ya yi shekaru yana tara tsofaffin kwamfutoci, ya shirya su a wani zaure a Aziziyya, yana buɗe wa 'yan makaranta su je kallo. Abla ta roƙa aka ware wa mata safiyar ranar. Ni ban so zuwa ba. Na tambaye ta ko ana duba takarda a ƙofa, ta ce a'a. Na tambaye ta ko akwai gumaka a ciki, don na ji ana cewa gidajen tarihi da su ake cika su, ta rantse babu. Na ce to in askarawa suka tsayar da motar fa? Hajiya Tambai, maƙwabciyata mai sayar da waina, ita ta fizgi hannuna ta tura ni cikin motar.

“Shiga, Rakiya. In an kama mu kin huta, sai ki riga mijinki isa Kano ki share masa ɗaki.”

“Hajiya, don Allah ki daina irin wannan fatan.”

“Ni ba fata nake ba. Ke ce kike kiran abu tun yana barci.”

Zauren dogo ne, sanyin na'ura har cikin ƙashi, ƙasa kuma sulɓi, ina tafiya ina riƙe da bango. Wadda za ta zagaya da mu yarinya ce 'yar jami'a, Nuha, 'yar yayan Abla. Larabci take yi, in ta ga mun yi shiru sai ta jefo Hausa guntu-guntu, tana ce wa mace shi tana ce wa namiji ita, mata suna dariya cikin niƙabi. Ta fara tsayar da mu gaban wata ƙatuwar na'ura da ta fi firjin mahauta girma, da wayoyi kamar hanji a bayanta. Ta ce wannan duk girmanta, abin da take iya riƙewa a kanta bai kai izu guda ba.

Hajiya Tambai ta dafa ƙirji. “To ai na fi ta! Ni da nake da izu biyu ashe malama ce. Abla, daga yau kada ki ƙara yi mini faɗa.”

Aka nuna mana wasu katuna masu huji-huji, aka ce da su ake ba na'ura bayani a da, kuma in laima ta taɓa su ko gara ta ci, shi ke nan abin ya tafi. Aka nuna mana wani faifai baƙi mai laushi, aka ce rana ma tana kashe shi. Sai wata mai fuska kamar talabijin, Nuha ta kunna ta, ta rubuta sunanta a kai, ta zare waya daga bango ta mayar, fuskar ta dawo fayau ba komai. Ta ce wannan da an ɗauke wuta take mance duk abin da aka gaya mata. Wallahi a wurin na ji wani dutse ya sauka daga ƙirjina. Na ce a raina ashe Alhaji Mudi ya yi gaskiya, abin nan yana cika, yana ruɓewa, yana mantuwa. Har na fara jin daɗin fitar, na karɓi alewar da wata ta miƙo mini.

Amma zauren bai ƙare a nan ba. Muna tafiya na'urorin suna ƙanƙancewa, kuma a gaban kowacce sai Nuha ta ce wannan ta fi ta baya riƙewa nesa ba kusa ba. Daga mai girman firji muka zo mai girman akwati, daga nan mai girman littafi. A tebur na ƙarshe ta ɗauko wani abu da bai fi farcen babban yatsa ba, ta ɗora a tafin hannunta, ta ce wannan zai ɗauke sunan duk wanda yake garin nan ranar Arfa, kuma bai ji ya ci komai ba. Na cire alewar daga bakina. A gefen teburin kuma akwai wani ɗan akwati mai gilashi, da koren haske a ciki. Ba sai an gaya mana ko mene ne ba. Nuha ta yi murmushi ta ce, yalla, wa za ta gwada?

Abin da ya faru a nan ban taɓa mance shi ba. Ba wadda ta yi wa wata magana, amma kusan rabinmu muka ja da baya a tare, kowacce ta shigar da hannunta cikin abaya. Shekaru muna zama a tabarma ɗaya muna karatu, ba a tambayar wa ke da takarda wa ba ta da ita, don rashin kunya ne. Ranar nan ɗan akwatin ya raba mu gida biyu a tsaye, kowa tana ganin kowa. Hajiya Tambai ma tana gefena, hannunta a cikin abaya.

Nuha ta ruɗe. “La, la, kada tsoro! Wannan wasa ne, wallahi ba ya haɗe da hukuma.”

Abla Huda ce ta fitar da mu kunya. Ta matsa ta ɗora yatsanta, aka rubuta sunanta. Can ta sake ɗorawa, sunan ya fito. Sai Nuha ta ce bari ku ga, ta goge fuskar, ta rubuta wani suna daban, ta ce Abla ta ɗora a matsayin sabuwar baƙuwa. Na'urar ta yi ƙara, ta fito da sunan farko.

Ni da ban iya tambaya a cikin mutane ba, sai na ji ƙafata ta kai ni gaban yarinyar nan. Na so in ce wata maƙwabciyata ce ta aiko ni, na tuna ƙarya ce, ga shi da alwalata. Sai na ce mata akwai wani mutum.

“Akwai wani mutum. In ya ɗora yatsa a irin ta hukuma, sai bayan shekara nawa take mantawa?”

“Ba ta mantawa, ya Hajja.”

“In ta cika fa?”

“Ba ta cika. In ta kusa, a ƙara mata wani.”

“In an ɗauke wuta? In ta lalace, ko gobara ta cinye ofishin?”

“Akwai irinta a wani gari, da wani garin. Duk abu ɗaya suke riƙe.”

“To in ya zo da wani suna?”

Ta nuna mini fuskar na'urar, inda sunan Abla yake har yanzu. “Ba suna take karantawa ba. Yatsa take karantawa.”

Na ce mutumin mai aikin wuta ne, yatsunsa duk tabo. Ta ce tabon ma alama ce, kuma ko fatar ta saɓule, in ta tsiro da zanenta take tsirowa. Tana cikin bayani sai ta dubi idona. Ta rage murya, ta haɗa Hausarta da ƙyar.

“Hajja, ki ce shi kada tafi. In kuma ya tafi, kada dawo da suna na wani. Wannan tazwir ne, jabu. Khalas, har abada.”

Ban san yadda muka fito ba. An raba mana ruwan lemo da biskit a ƙofa, an ce mu yi wa mai gidan addu'a, na yi da baki kawai. A mota mata suna ta hira, wata tana cewa injin niƙan garinsu ya fi wancan na farkon kyau. Hajiya Tambai ta riƙe hannuna har Mansur, ba ta yi mini ba'a ko sau ɗaya ba, abin da ya ƙara tsorata ni ke nan.

Na tarar da babanku a tsakar ɗaki bayan azahar, ya baza faranti yana soka nama a tsinke, Alhaji Mudi yana gefe yana koyon yadda yake yanka. Ban ko cire abaya ba na zauna daga bakin ƙofa na faɗi duk abin da na gani, tun daga mai girman firji har zuwa mai girman farce. Alhaji Mudi ya bari na gama.

“Ummu Bashir, yanzu gidan tsofaffin kaya kika je, yarinya ta tsorata ki da abin wasa? Mutum nawa ake kwasa kullum? Wa yake da lokacin duba yatsan mai tsire?”

“Alhaji, ba mutum ne yake dubawa ba. Da idona na gani.”

Babanku ya ɗaga hannayensa biyu, jajur da yaji, ya juya mini su. Kun manta hannun, ni ban manta ba. Kan yatsun ya yi kanta, wuta ta lashe, tsinke ya huda, wuƙa ta yanka.

“Hajiya Waswasi, dubi nan. Ni kaina ban gane su ba. Wace na'ura ce za ta karanta wannan?”

“Ta ce tabon ma alama ce.”

“Wa ya ce?”

“Yarinyar.”

Suka yi dariya su biyu. Ban ji haushi ba, don ba dariyar mugunta ba ce. Matar da ta taɓa tashin gida duka wai tana jin ƙaurin gas, ashe maƙwabta ne suke ƙona shara, ita ce yau ta zo da labarin akwati mai koren haske. Na jira Alhaji Mudi ya fita. Sannan na yi abin da ban taɓa yi ba tunda aka kawo ni gidansa, na durƙusa na kama gefen rigarsa.

“Malam, don girman Ɗakin nan da muke maƙwabtaka da shi, ka saurare ni sau ɗaya. Duk sauran tsorona ka zubar, wannan kaɗai ka ɗauka. In ka ɗora yatsa ba za ka dawo ba.”

Ya daina dariya. Ya goge hannunsa da tsumma, ya daɗe yana gogewa.

“To na ji. A ce gaskiyarki ne. Me zan yi?”

“Ka jira mu ga waɗanda suka tafi ko za su dawo.”

“Ita za ta jira?”

Na saki gefen rigarsa.

“Rakiya, uwata ce. Tana kwance tana kiran sunana. In na zauna ina gasa wa Larabawa nama har ta mutu ban je ba, zaman Makkar me nake yi? Da wane ido zan kalli Ka'aba? Ke da kike tsoron ko kin shafi kunne a alwala, ke ce za ki ce kada in je?”

A nan ya kama ni, kuma ya sani. Na kwana biyu ina jujjuya maganar. In na hana shi, Inna ta rasu tana kiransa, me zan ce wa Allah? In na bar shi, ku uku fa? Na je Harami na yi ɗawafi ina roƙon a nuna mini wanne ne zunubin, ban ga komai ba sai bayan mutane. Ranar Asabar da safe na haɗa masa kaya kaɗan a leda, don ba a barin mutum da jaka a tarhil. Na sa masa dabino da zamzam na Inna. Ya shafa kanku ɗaya bayan ɗaya ya ce kafin azumi yana nan. Ba ƙarya ya yi muku ba, haka ya yi imani. Abu ɗaya na roƙe shi a bakin matakala, in zai dawo kada ya canza suna. Ya ce in sha Allah, yana kallon titi.

Da ya sauka Kano ya bugo waya shagon mai gyaran firji, aka kira ni. Tambayar farko da na yi masa ita ce ko an ɗauki yatsunsa. Ya ce e, an ɗauka, duka goma, har sai da askarin ya danne masa hannu saboda kantar. Ya faɗa da fara'a, wai ka ga ma da ƙyar ta kama. Ina so ku san wannan kuma: ya sami Inna da rai. Ta gane shi. Shi ya riƙa ɗaga ta yana ba ta kunu, dabinon nan ma a bakinsa ya tauna ya sa mata. Ta yi 'yan makonni ta cika a hannunsa, shi ya shiga kabarinta. Duk abin da ya biyo baya, bai taɓa ce mini ya yi nadamar wannan ba, ni ma ban taɓa so ya ce ba.

Bayan an yi arba'in ya fara neman hanyar dawowa. Mai yi masa biza a Kano ya ce sunan da ya bayar a tarhil an toshe shi na wasu shekaru, sai dai sabo. Na yi ta roƙonsa a waya ya haƙura ya jira shekarun, ni zan riƙe gida da ƙuli da wanki. Ya ce shekaru ba ya ganin 'ya'yansa? Ya ce kowa haka yake yi, kuma mutumin ya koya masa dabara. Sai daga baya na ji dabarar. Kullum sai ya zauna ya yi ta goga kan yatsunsa a siminti, ya jiƙa da lemun tsami ya sake gogawa, har suka yi sumul suna tsattsafo da jini. Ƙanwarsa ta ce a makon ƙarshe ko lomar tuwo ba ya iya yankowa, da cokali yake ci.

Ranar da zai sauka Jidda na tashi na tuƙa tuwon shinkafa da miyar taushe. Alhaji Mudi ya tura direba. Hajiya Tambai ta zo da waina, mata suka cika ɗakin, an yi muku wanka an sa muku kayan salla. Ni dai ina ta fita ina shiga, ana cewa in zauna. Bayan azahar yaron shago ya ƙwala mini kira daga ƙasa. Wani mai shara a filin jirgi, mutumin Nijar, shi ya ara wa babanku waya. Muryarsa ta yi ƙasa sosai.

“Rakiya.”

“Na'am, Malam. Kun fito?”

“Na'urar ta gane ni.”

Na jingina da wani mataccen firji.

“Da wane sunan?”

“Duka biyun. Har da hotona na tarhil, da rigar da kika wanke mini.” Ya yi numfashi. “Sun ce jabu ne. Sun ce ba ni ba ƙasar nan, ko hajji, ko umara. Da yamma za su mayar da ni.”

Tsakaninmu tafiyar mota ce da ba ta kai a ƙosa ba. Ba zan iya zuwa ba saboda shingen askarawa a hanya, shi ba zai iya fitowa ba. Na ce masa shi ke nan, gobe zan ɗauki yara mu tafi ƙarƙashin gada, mu same ka a Kazaure. Wallahi da gaske nake, har na fara lissafin abin da zan sa a leda.

“Kada ki soma.”

“Malam, mace tana zama inda mijinta yake.”

“Ki saurare ni. In kika hau jirgin nan za su ɗauki naki, su ɗauki na babban yaron. Ni kaɗai ƙofar ta rufe wa, kada ki ja ta rufe musu. Na ga gida da idona, Rakiya. Ba makaranta, ba magani. Amina da ciwon ƙashinta ba za ta yi damina biyu a can ba. A nan aka haife su, nan suka sani. Ki zauna da su.”

Na ce ina tsoron alhakin aure, kada ranar lahira a ce na zaɓi gari na bar miji. Na ce sai dai ya faɗa a gaban shaidu. Ko a wannan halin sai da ya ɗan yi dariya, wata irin dariya marar daɗin ji. Aka kira Alhaji Mudi da mai gyaran firji, na miƙa musu wayar ɗaya bayan ɗaya, ya maimaita musu cewa shi ya umarce ni in zauna, kuma ya yafe mini duk haƙƙinsa na zama tare. Alhaji Mudi yana saurare yana hawaye, bai iya kallona ba. Sai mai sharar ya karɓi wayarsa. Na hau sama na zuba wa mata tuwo, tunda an riga an tuƙa. Ku kuka fi kowa ci, kuna tambaya ko Baba ya tsaya sayo tsaraba ne.

Sauran kun san shi, amma ta gefenku kuka sani. Yana bugowa duk Juma'a. Da farko kuna rige-rigen karɓa. Sannu a hankali Hausarku ta yi ta raguwa, shi kuma Larabcinsa ya tsaya a na ciniki. Ya tambaye ku karatu, ku ce tamam. Ya yi muku wasa, ku miƙo mini wayar ku ce me yake cewa. Daga baya in ta yi ƙara sai kowa ya tuna yana da aiki a waje. Ni nake ce masa kun fita, kuma ba ƙarya na yi ba, kun fita ɗin. Ya ce ba komai, a gaishe su. Auren da ya yi a can, wanda kuka riƙe a matsayin hujja, ni na matsa masa ya yi, har na sa ƙanwarsa ta nemo masa, don an ce mini shi yake wanke kayansa da hannun nan da bai ƙara komawa daidai ba. Bai sake gasa tsire ba, yatsun ba sa jure zafi. Gadi ya yi a wata makaranta har hawan jini ya kwantar da shi. Da ya rasu na yi masa takaba a ɗakin nan na Mansur, ina zaune ina ƙoƙarin tuno fuskar mutumin da nake wa, tana zuwa tana ɓacewa.

Yanzu Allah ya buɗa muku. Zainab da Amina kun sami takarda ta wurin aure, yayanku ya sami kafili, Balaraben da ya tsaya masa, kuna shiga jirgi ku fita ku dawo ba mai tsayar da ku. Ni har yau yatsana bai taɓa gilashin nan ba, kuma ranar da ya taɓa, ranar na rabu da ku ke nan. Don haka ba zan ga inda aka sa shi ba. Yana maƙabartar gabas da gari, kusa da Inna, ƙanwarsa Gwaggo Asabe ta san wurin, kuma ta tsufa ƙwarai. Ban ce ku yi kuka ba, ban ce ku ji abin da ba ku ji ba. Ku je tun tana iya nuna muku. In kun tsaya a kansa ku yi masa sallama da Hausa, kowa ya faɗi sunansa da ƙarfi, don ya bar ku kuna yara, ba zai gane muryoyinku ba.